Darasi na Tara: Dandalin Gajeren Rubutu, Yadda Yake Aiki da Wanda Yake Wa Amfani

Saƙon tes na wayar hannu ba ya ɗaukar fiye da harafi 160. Duk wanda ya taɓa tsawaita tes har aka cire masa kuɗin saƙo biyu ya san da wannan iyaka. Ita ce ta haifi irin dandalin da za mu duba a darasin yau.

A shekarar 2006 wasu mutum huɗu a jihar Kalifoniya ta Amurka, Jack Dorsey da Biz Stone da Evan Williams da Noah Glass, suka kafa Twitter. Abin da suke so shi ne mutum ya tura tes guda ya isa ga abokansa duka a lokaci ɗaya. Sai suka ware wa sunan mai aikawa harafi 20, suka bar wa saƙon 140. Dorsey ne ya aika saƙon farko ranar 21 ga Maris na wannan shekara. Daga baya wayoyi suka samu intanet, ba a ƙara dogara da tes ba, amma taƙaitawar ta zauna, don jama'a sun saba da ita. Sai a Nuwamban 2017 aka ninka iyakar ta koma 280. A Oktoban 2022 attajirin nan Elon Musk ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 44, a Yulin 2023 kuma ya sauya masa suna zuwa X, ko da yake har gobe mutane da yawa Twitter suke ce masa.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Ƙasar Sin ta toshe Twitter tun 2009, a shekarar kuma kamfanin Sina ya buɗe Weibo, wanda shi ne nasu. Wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fito da Mastodon a 2016. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya buɗe Threads a Yulin 2023, ya ba da harafi 500. Bluesky yana ba da 300. Sunayen sun bambanta, tsarin kusan ɗaya ne, don haka wanda ya fahimci ɗaya ba zai sha wuyar sauran ba. Za mu fi yin misali da X saboda shi ne aka fi sani a ƙasashenmu.

Abin da ya raba shi da WhatsApp

Yawancinku da WhatsApp kuka fara, kuma nan ne kuskuren farko yake shigowa. A WhatsApp sai mai lambar wayarku ne zai yi muku magana, ko wanda kuke rukuni ɗaya da shi. A Facebook, a asalin tsarinsa, sai an nemi abota an amince. A dandalin gajeren rubutu babu neman izini. Kuna iya bin shafin gwamna ko na gidan rediyo ko na ɗan ƙwallo ba tare da ya san da ku ba, shi kuma ba dole ya bi ku ba. Wani yana da mabiya miliyan goma amma mutum ɗari kawai yake bi. Haka kuma duk abin da kuka wallafa kowa yana iya gani, har wanda ba ya bin ku, sai fa idan kun kulle shafinku da kanku. WhatsApp hira ce a zaure. Wannan kuwa magana ce da lasifika a tsakiyar kasuwa, ga kuma wanda yake naɗar duk abin da aka faɗa yana ajiyewa.

Kayan aikin ba su da yawa. Kowane shafi yana da suna mai farawa da alamar @. Idan kuka sa wannan suna a cikin saƙonku, za a sanar da mai shi cewa an ambace shi, kuma ta haka ake kiran banki ko ma'aikata ko ɗan majalisa a gaban jama'a. Ƙarƙashin kowane saƙo akwai wurin ba da amsa, da alamar zuciya ta nuna so, da alamar sake yaɗawa. Wannan ta ƙarshen ita ce ƙashin bayan tsarin. Idan kuka danna ta, saƙon wani ya shiga gaban mabiyanku, su ma su danna ya shiga gaban nasu. Mai mabiya talatin yana iya kwanciya barci ya tashi ya tarar mutum dubu ɗari biyar sun karanta abin da ya rubuta, idan wani mai jama'a ya ɗauka. Ana kuma iya yaɗawa a ɗora tsokaci a sama, wanda sau da yawa don a yi wa mai saƙon dariya ake yi. Idan magana ta fi ƙarfin saƙo ɗaya, sai a jera saƙonni, kowanne yana amsa na bayansa.

Sai alamar #. Wani mai amfani da dandalin, Chris Messina, shi ya ba da shawararta a Agustan 2007, ba kamfanin ba. Idan aka manna ta a farkon kalma, kalmar ta zama maudu'i: ku danna ta, duk saƙonnin da ke ɗauke da ita su fito wuri ɗaya. Maudu'in da mutane suka yi wa ca cikin ɗan lokaci shi ne ake cewa yana tashe.

Wa yake zaɓar abin da kuke gani

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin wanda bai gane wannan ba bai gane dandalin ba.

Da can saƙonni bi da bi suke zuwa, sabo a sama, tsoho a ƙasa, kuma daga waɗanda kuka zaɓa kaɗai. A 2016 Twitter ya fara barin kwamfuta ta jera su yadda ta ga dama. Yanzu idan kun buɗe manhajar za ku tarar da ɓangare biyu, ɗaya na waɗanda kuke bi, ɗaya na abin da kwamfutar take ganin zai riƙe ku. Tana lura da saƙon da kuka tsaya a kansa, da hoton da kuka buɗe, da wanda kuka mayar wa amsa. Amsar yabo da ta zagi, a lissafinta, duk alama ce cewa saƙon ya ja hankali. Saboda haka idan wani ya rubuta abin takaici kuka shiga kuka wanke shi tas, kun taimaka masa ne: za a ƙara nuna saƙonsa ga wasu, gobe kuma a kawo muku irinsa.

Me ya sa aka gina shi haka? Saboda kuɗin talla. Buɗe shafi kyauta ne, amma kafin Musk ya saya, kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar Twitter daga masu talla yake zuwa. Iya daɗewarku a ciki, iya tallan da za a nuna muku. Tun Yulin 2023 kuma X ya fara raba wani kaso na kuɗi ga masu biyan kuɗin wata-wata waɗanda saƙonninsu suke jan jama'a. Sakamakon bai ɓoyu ba. Akwai masu tashi da safe su jefo maganar da suka san za ta haɗa Kudu da Arewa faɗa, ko maza da mata a kan kishiya da kuɗin cefane, ba don sun yarda da abin da suka rubuta ba, sai don a taru a kansu. Ga kuma 'yan siyasa. Yadda suke da sojojin baka a gidajen rediyo, haka suke da su a nan. Wani bincike da BBC ta fitar a Janairun 2023 ya nuna cewa jam'iyyu a Najeriya suna biyan masu yawan mabiya a ɓoye don su yaɗa labaran ƙarya a kan abokan hamayya gabanin zaɓe. Idan kuka ga shafuka hamsin suna faɗin magana ɗaya da kalmomi iri ɗaya cikin awa guda, ba ra'ayi ne ya zo ɗaya ba.

Inda ya yi rana

Ba a fi shi saurin kawo labari ba. A daren da sojojin Amurka suka kai samame gidan Usama bin Ladan a garin Abbottabad na Pakistan, a Mayun 2011, wani mazaunin garin yana ta rubuta cewa jirgi mai saukar ungulu ya hana shi barci, bai ma san abin da yake ba da labarinsa ba. Duk inda abu ya faru, akwai mai waya a kusa. Shi ya sa 'yan jarida ba sa rabuwa da dandalin, kuma sassan Hausa na BBC da DW da RFI, da jaridar Aminiya, da gidajen rediyonmu, duk suna da shafuka a ciki. Hukumomi ma sukan fara sakin sanarwa a nan kafin ta kai ga labaran ƙarfe huɗu.

Amfaninsa na biyu shi ne tara murya. Bayan sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok a daren 14 ga Afrilun 2014, an shafe kwanaki duniya ba ta damu ba. Maudu'in #BringBackOurGirls, wanda 'yan Najeriya suka fara, shi ya kai maganar ko'ina, har Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, ta ɗauki hoto riƙe da takarda mai ɗauke da shi. A Oktoban 2020 #EndSARS ya fitar da dubban matasa kan titi, ranar 11 ga watan kuma aka sanar da rushe rundunar 'yan sanda ta SARS.

Amma a faɗi gaskiya duka. Maudu'in #BringBackOurGirls bai dawo da yarinya ko ɗaya da kansa ba. Wasu 57 sun tsere tun a farko. An sako 21 a Oktoban 2016 da 82 a Mayun 2017 ta hanyar tattaunawar da gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka shiga tsakani, kuma shekara goma bayan sacewar akwai gommai da ba su dawo ba. Abin da dandalin ya iya shi ne hana masu mulki yin kamar ba su ji ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma iyakarsa ke nan.

Na uku ya fi kusa da rayuwar yau da kullum. Bankuna da kamfanonin waya da na wutar lantarki suna da ma'aikatan da aikinsu shi ne duba ƙorafi a dandalin, kuma ba sa son a ga an yi musu magana a bainar jama'a sun yi shiru. Sai dai ƙorafi ma yana da yadda ake rubuta shi. Ga misali biyu da aka shirya don wannan darasi:

"Wallahi an cuce mu, ba ku da imani, Allah ya isa!"

"Yau kwana 19 ke nan babu wuta a layin bayan asibiti, tun da taransifoma ta ƙone ranar 3 ga wata. Gida fiye da 60 abin ya shafa. Mun kai takarda ofishinku sau biyu, ga hotonta. Yaushe za a gyara?"

Na farko ya huce haushi, amma babu ma'aikacin da zai iya yin komai da shi. Na biyu bai kai harafi 280 ba, ga wuri, ga rana, ga adadi, ga shaida, ga tambayar da ke neman amsa. Ɗan jarida ma zai iya ɗaukarsa yadda yake.

Inda yake cutarwa

A 2018 wasu masana uku daga jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa bincike a mujallar Science. Sun bi diddigin labarai kimanin dubu 126 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗawa da kashi 70 cikin 100, kuma kafin labarin gaskiya ya isa ga mutum 1,500 yakan ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya take ɗauka. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne ba shafukan da kwamfuta ke sarrafawa ne suka jawo bambancin ba, mutane ne. Ƙarya takan zo da sabon abu mai tayar da hankali, hannu kuma yana saurin dannawa.

Mu ma mun ɗanɗana. A Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaya ta tes da dandalan sada zumunta cewa a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha. Mutane suka riƙa tada 'yan'uwansu cikin dare. Aƙalla mutum biyu sun mutu, wasu suka kwanta a asibiti. Duk wanda ya tura saƙon da kyakkyawar niyya ya tura.

A da akwai shuɗiyar alamar da ake sa wa shafi bayan kamfanin ya tabbatar da mai shi. Tun ƙarshen 2022 kuɗi ake biya a samu. A Nuwamban shekarar wani ya biya dala 8, ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sanar cewa allurar insulin ta masu ciwon sukari ta zama kyauta, sai da kamfanin na gaskiya ya fito ya ƙaryata. Don haka alamar ba shaida ba ce. 'Yan damfara ma sun san wannan. Da zarar kun yi wa banki ƙorafi a fili, wani shafi mai tambarin bankin zai iya tuntuɓarku cikin ladabi, ya nemi lambar katinku ko lambar sirri ko lambar da aka turo muku ta tes. Babu bankin da yake neman waɗannan. Ku dubi sunan da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi, ku gwada shi da wanda ke rubuce a takardun bankin.

Sai maganar doka. Goge saƙo ba ya kashe shi, domin wani ya riga ya ɗauki hotonsa. A Najeriya sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kai mutane da dama gaban alƙali, har da 'yan jarida. An yi masa gyara a 2024, amma kame bai tsaya ba. Nijar ma tana da tata dokar tun 2019. A Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin jami'a a Najeriya saboda jimla guda da ya rubuta da Hausa watanni kafin nan a kan matar shugaban ƙasa na lokacin, bai fito ba sai da aka janye ƙarar bayan jama'a sun yi ca. Mutum yana iya ganin kamen zalunci ne, kuma yana da hujja, amma ya sani cewa rubutu da Hausa ba mafaka ba ne.

Kuma dandalin ba mallakarku ba ne. A farkon Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ranar 4 ga watan gwamnati ta sanar da dakatar da dandalin, kuma a shafin Twitter na ma'aikatar yaɗa labarai aka saki sanarwar, abin da ya ba mutane dariya. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, bayan wata bakwai. Masu sana'ar da a nan kaɗai suke samun ciniki sun ji jiki. Gwamnati ta koma wani dandalin Indiya mai suna Koo, shi kuma ya rufe gaba ɗaya a Yulin 2024.

To, ya cancanci a shiga?

Ya danganta da abin da kuke nema, amma darasin nan ba zai bar ku a tsakiya ba. Ga yawancin masu wannan aji, dandalin ya fi amfani wajen karantawa fiye da rubutawa. Ku buɗe shafi, ku bi kafofin labarai uku ko huɗu da kuka yarda da su, da hukumomin da harkarku ta shafa, da bankinku, da wasu ƙwararru a sana'arku. Ku zauna a ɓangaren waɗanda kuke bi, ku bar na zaɓin kwamfuta. Minti goma sha biyar a rana ya isa. Ku kashe bidiyo mai kunna kansa, don shi ke cinye data. Rubutu zalla ba ya cin data da yawa. Ku sa kalmar sirri mai ƙarfi, ku kunna tabbatarwa ta mataki biyu. Wanda ya dame ku, akwai wurin toshe shi, ba sai an yi musu ba.

Mai sayar da atamfa ko turaren wuta ko dambun nama, ba nan ne kasuwarta ba. Masu sayenta suna WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok, inda hoto da murya suke aiki kuma Hausa ta fi yawa. A X Turanci ya fi rinjaye. Manomin da yake son jin farashin masara a Dawanau, kiran waya zai fi masa sauri. Amma sakataren ƙungiyar unguwa, da malamin makaranta, da ma'aikaciyar lafiya, da mai neman aiki ko gurbin ƙaro karatu, su kam suna da abin samu, domin a nan ne manyan ma'aikata da 'yan jarida da masu tallar guraben aiki suke taruwa, kuma ana iya yi musu magana kai tsaye ba tare da an bi ta hannun masinja ba.

Wani zai ce tun da gajerun saƙonni ne, ai wurin koyon karatu ya samu. Ta wani ɓangare haka ne, domin jimla biyu ba sa gajiyar da sabon mai karatu, kuma matse magana cikin harafi 280 horo ne mai kyau. Sai dai kada ku ɗauki ƙa'idar rubutu daga can. Yawancin masu rubuta Hausa a dandalin ba su damu da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba, suna haɗe kalmomin da ya kamata a raba.

Abu ɗaya da bai kamata ku nema a can ba shi ne ra'ayin jama'a. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2019 cewa a Amurka kashi 10 cikin 100 na manya masu amfani da Twitter su ke rubuta kashi 80 na saƙonnin. A can ke nan, inda kusan kowa yake da intanet. A wurinmu, tsohuwar da ke ƙauye da ɗan dakon da ke tasha ba sa ciki, amma ranar zaɓe suna kan layi. Ɗan takara yana iya cin zaɓe a X da gagarumin rinjaye ya faɗi a akwatin ƙofar gidansa.

Aikin aji

1. Ku zaɓi wata matsala ta unguwarku, ko rijiyar burtsatse da ta lalace ko kwata da ta toshe. Ku rubuta ƙorafi a takarda wanda bai wuce harafi 280 ba, kuna ƙirga har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ku ba na kusa da ku ya duba ko akwai wuri da rana da abin da ake nema.

2. An turo muku hoton wani saƙo mai shuɗiyar alama, yana cewa gwamnati za ta raba wa kowane magidanci kuɗi idan ya danna wani adireshi ya sa lambar BVN. Ku tattauna ku uku-uku: me za ku duba, kuma a ina, kafin ku yarda ko ku tura wa wani?

3. Kowa ya faɗi sana'arsa, ya kuma faɗi inda masu hulɗa da shi suka fi samuwa. Ajin ya yanke hukunci a kan su wa ya kamata su buɗe shafi a cikinku, su wa kuma ba su da buƙata.